Da tsohuwar zuma ake magani: bikin finafinan Lumière a birnin Liyon

A tsakiyar watan Oktoba, lokacin da kaka ta kankama a Turai, ganyaye suka soma zuba kuma rana ta fara faɗuwa da wuri, birnin Liyon na ƙasar Faransa yakan kwashe kwana tara yana kallon tsofaffin finafinai. Sunan bikin Lumière, an fara shi a shekarar 2009, kuma abin da ya raba shi da manyan bukukuwan fim na duniya shi ne ba a zuwa cikinsa don neman sabon fim, ba a kuma yin gasa tsakanin finafinan da aka kawo. Yawancin abin da ake nunawa ya girmi masu kallonsa, wani ma ya girmi kakanninsu. Na halarci bikin a matsayin mai sayen tikiti da kuɗin aljihunsa, ba ɗan jarida ba, ba kuma baƙon da aka gayyata ba, kuma hukuncina tun daga farko shi ne kuɗin da mutum zai kashe a wurin ba asara ba ne, muddin ya san abin da ya je nema kuma ya shirya wa wasu matsaloli biyu ko uku da zan ambata a gaba.

Cibiyar bikin tana unguwar Monplaisir, a gabashin birnin, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin D, wanda ba shi da direba, yana sauke mutum a tashar Monplaisir-Lumière, ƴan taku kaɗan daga ƙofar wurin. A nan ne Antoine Lumière, wani mai ɗaukar hoto, ya kafa masana'antar yin farantan gilashi na ɗaukar hoto, kuma a nan ne ƴaƴansa biyu, Auguste da Louis, suka ƙera na'urar da ke ɗaukar hoto mai motsi ta kuma haska shi a bango. Sun yi wa na'urar rajista ranar 13 ga Fabrairu, 1895, a watan Maris na wannan shekara kuma suka kafa ta a bakin ƙofar masana'antar suka ɗauki ma'aikatansu, yawancinsu mata, suna fitowa daga aiki. Fim ɗin bai cika minti ɗaya ba. Ranar 28 ga Disamba, 1895, a wani ɗaki na Grand Café da ke Paris, suka nuna shi tare da wasu gajerun finafinai ga mutanen da suka biya kuɗin shiga, kuma daga wannan rana ce mafi yawan masu tarihi suke ƙirga shekarun silima. Kalmar da iyalin ke amsawa a matsayin suna tana nufin haske a Faransanci, abin da mutanen Liyon ba sa gajiya da tuna wa baƙo.

An rushe masana'antar tun tuni, sai dai rumfar da ma'aikatan suka fito ta cikinta tana nan, an adana ta, kuma a 1998 aka gina zauren kallo a jikinta mai kujeru ƙasa da 300, ta yadda duk wanda zai shiga kallo sai ya bi ta hanyar da waɗancan ma'aikata suka bi. Titin da ke gabanta an raɗa masa sunan titin fim na farko, bangon da ke gefensa kuma cike yake da ƙananan alluna masu ɗauke da sunayen masu shirya fim da suka ziyarci wurin. Cibiyar Lumière, wadda aka kafa a 1982, ita ce ke riƙe da zauren da katafaren gidan Antoine da aka mayar gidan tarihi, kuma tana nuna tsofaffin finafinai duk shekara, ba lokacin biki kawai ba. Thierry Frémaux ne ke tafiyar da ita, shi ne kuma mai zaɓen finafinan bikin Cannes, wanda hakan ya bayyana yadda manyan sunaye suke amsa gayyatar Liyon ba tare da jan ƙafa ba. Darakta Bertrand Tavernier, ɗan asalin birnin, shi ne shugaban cibiyar har rasuwarsa a 2021, sannan jaruma Irène Jacob ta gaje shi. Gidan tarihin ya cancanci awa ɗaya ko biyu, musamman ɓangaren da ke nuna yadda ƴan'uwan suka tura masu ɗaukar hoto sassan duniya, har da Masar da Aljeriya da Tunisiya, suka tara gajerun finafinai fiye da 1,400.

Babban abin da mai tikiti yake saya a wannan biki shi ne ingancin hoto, kuma a nan ne na fi daɗewa ina mamaki. Wanda ya saba ganin tsohon fim a talabijin ko a waya, hoton ya kode, zane-zane suna gilmawa, murya tana shiga tana fita, yakan ɗauka haka aka yi fim ɗin tun asali, kuma mutanen da ba su iya ba ne. Sai ya zauna a zaure ya ga fim baƙi-da-fari na shekarun 1940 da aka gyara, baƙin yana da zurfi kamar shunin da ya sha bugu, ana iya ƙirga zaren rigar jarumi, sannan zai gane cewa abin da ya saba gani kwafin kwafi ne da ya sha wahala a hanya. Dalilin lalacewar ba ɓoyayye ba ne. Har zuwa farkon shekarun 1950, zaren fim ana yin sa ne da sinadarin naitiret, wanda yake kama wuta cikin sauƙi, idan kuma ya kama ruwa ba ya kashe shi, idan ma bai ƙone ba sai ya narke ya koma gari a cikin gwangwaninsa. Zaren asitet da ya maye gurbinsa ba ya cin wuta haka, amma idan aka ajiye shi a wuri mai zafi da danshi yakan soma warin tsami irin na binega, ya motse, ya lanƙwashe. Wani bincike da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinai marasa magana da aka yi a Amurka sun ɓata gaba ɗaya, kuma wannan a ƙasar da ke da kuɗi da rumbunan ajiya ke nan.

Gyaran kuwa aikin haƙuri ne irin na mai ɗinkin babbar riga. Ana neman zaren asali da ya fito daga kyamara, idan babu shi a nemi kwafin da ya fi kusa da shi, wani lokaci a haɗa guntu daga wannan ƙasa da guntu daga waccan. Ana wanke shi, a liƙe inda ya yage, a kwafe shi hoto bayan hoto zuwa kwamfuta. Fim mai magana yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato fim na minti 90 yana ɗauke da hotuna 129,600, kuma kowannensu yana iya zuwa da nasa tabon. Bayan an share datti sai a zo kan daidaita launi da haske, kuma a nan ne gardama take tsakanin masu sana'ar, domin mai gyara yana iya wuce gona da iri ya goge fim har ya yi santsi kamar na jiya, ya rasa ɗan yashi-yashin da ke jikin zaren, wanda shi ma ɓangare ne na kamanninsa. A cikin abin da na kalla, gyaran da ya fi kwanta mini a rai shi ne wanda ya bar wa fim shekarunsa. Bikin kuma yakan nuna wasu finafinan da ainihin zare mai faɗin milimita 35 a kan majigi, kuma jadawalin yana bayyana wanne ne a zare wanne ne a kwamfuta, abin da masu son zare suke bi da alƙalami.

Al'adar da ta fi kowace ƙara wa tikitin daraja ita ce gabatarwa. Kusan kowane nuni sai wani ya fito gaban allo kafin a kashe fitila, ko darakta, ko jarumi, ko masanin tarihin fim, ko wanda ya yi aikin gyaran, ya yi minti biyar zuwa goma yana bayanin wanda ya yi fim ɗin, da halin da aka yi shi, da abin da ya kamata ido ya lura da shi. Sau da yawa mai gabatarwar ba shi da hannu a fim ɗin ko kaɗan, sonsa kawai yake yi, kuma irin waɗannan sun fi daɗin saurare, domin ba talla suke yi ba. Ba a cika lokacin da tallace-tallace ba, daga bayanin sai fim.

Masu kallon su ma ɓangare ne na abin da aka biya. Na shiga nunin ƙarfe goma na safe a ranar aiki ina tsammanin zan tarar da kujeru fayau, sai na iske zaure ya cika da tsofaffi ƴan fansho, da ɗaliban jami'a, da ajin ƴan sakandare guda tare da malamarsu, kuma da aka kashe fitila ba a ƙara ganin hasken waya ba. Fim ɗin barkwanci ne da ya haura shekara 80, kuma dariyar mutum ɗari biyu a lokaci ɗaya ta sa wasu wuraren da zan wuce su shiru idan ni kaɗai ne suka zama abin dariya na gaske, domin an tsara su ne tun asali da tazarar da jama'a za su yi dariya su gama kafin magana ta gaba ta shigo. Wanda ya riski zamanin Plaza da Orion da El-Dorado a Kano ya san wannan ba sai an gaya masa ba, ko da yake can jama'a sukan taya jarumi faɗa da baki kuma su rera waƙar tare da shi, a Liyon kuwa sai an gama ake tafi, wani lokaci har a tafa wa sunan daraktan da ya rasu shekara hamsin da suka wuce.

Fim mara magana ko a zamaninsa akan nuna shi ne tare da kiɗa, kuma bikin ya riƙe wannan. A babban ɗakin kiɗa na birnin, mai kujeru kimanin 2,000, ana haska fim a allo yayin da ƙungiyar makaɗan Liyon take zaune a ƙarƙashinsa tana bin sa, ko kuma mutum ɗaya ya bi shi da katafaren kayan kiɗan nan mai bututun iska, wato organ, da ke jikin bangon ɗakin. Tikitin wannan ya fi na sauran tsada, kuma idan mutum zai ƙara kuɗi a kan abu ɗaya tak a duk makon, to wannan ne.

Buɗe biki da rufe shi ana yin su ne a Halle Tony Garnier, wani makeken gini mai rufin ƙarfe ba ginshiƙi a tsakiya, wanda aka gina a farkon ƙarni na 20 a matsayin karar shanu ta mayankar birnin, yanzu kuma yake ɗaukar masu kallo kusan 5,000 a gaban allo guda. A nan ne kuma ake yin daren kallo, inda ake jera finafinai huɗu ko makamancin haka daga dare har wayewar gari, a tanadi wurin kishingiɗa a bayan allo ga wanda barci ya ci ƙarfinsa, da safe kuma a raba karin kumallo ga waɗanda suka kai labari. Matasa ne suka fi cika shi. Ra'ayina shi ne bikin buɗewar an yi shi ne don ganin fuskokin manya da jin jawabai, kuma wanda kallon fim ya kai shi Liyon zai iya barinsa ya sayi tikiti biyu ko uku na ƙananan zaure da kuɗin.

Ƙananan zauren nan su ne ƙashin bayan bikin. Ba a killace shi a fada guda ba, an watsa shi ne a gidajen silima da ke cikin birnin da garuruwan da ke kewaye da shi, daga manyan gidaje na kamfanoni zuwa masu zaman kansu irin su Comoedia da gidaje uku na tsakiyar gari da Cibiyar Lumière ta karɓa ta farfaɗo da su, wato Terreaux da Bellecour da Fourmi. Baƙo yana iya tambayar yadda gidan silima mai ɗaki biyu ko uku yake rayuwa a zamanin da kowa ke kallo a waya, amsar kuma tana cikin tsarin da Faransa ta shimfiɗa tun bayan yaƙin duniya na biyu. Hukumar silima ta ƙasar, wadda aka kafa a 1946, tana karɓar harajin kashi 10.72 cikin 100 a kan kowane tikitin da aka sayar, na fim ɗin Amurka ne ko na gida, sannan ta mayar da kuɗin ga masu shirya fim da masu gidajen kallo. Gidan da ya ware kaso mai yawa na jadawalinsa ga finafinan fasaha da tsofaffi da na ƙasashen da kasuwa ba ta damu da su ba yana samun wata shaida ta musamman da tallafin da ke biye da ita, kuma gidaje fiye da 1,000 ne suke da wannan shaida a faɗin ƙasar. Ta haka ne kuɗin wanda ya je kallon babban fim ɗin Amurka yake taimaka wa ƙaramin zaure ya kunna majiginsa ranar Talata da rana, kuma ta haka ne tikitin nuni na yau da kullum a bikin bai kai yuro 10 ba.

Matsala ta farko kuma mafi girma ga baƙo ita ce harshe. Biki ne da aka shirya wa mutanen Liyon, don haka fassarar da ke ƙasan allo ta Faransanci ce, gabatarwar ma da Faransanci ake yin ta. Wanda Ingilishi kawai yake ji zai ci moriyar finafinan Amurka da Ingila da marasa magana, amma fim ɗin Japan ko na Italiya ko na Hangari zai zame masa kallon kurma. A nan ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci ya fi ɗan Kano ko Zariya riba nesa ba kusa ba. Ta biyu ita ce tikitin zaman da manyan baƙi za su halarta yakan ƙare jim kaɗan bayan an buɗe sayarwa a intanet, makonni kafin bikin, saboda haka wanda ya jira sai ya sauka a gari ya makara. Akwai katin rajista da kowa zai iya saya, wanda yake rage farashi kuma yake ba da damar saye da wuri, kuma ga mai niyyar kallon fim fiye da biyar ko shida ya fi sauƙi. Ta uku tazara ce, kuma a nan laifin nawa ne: na jera wa kaina finafinai huɗu a rana guda a kan takarda ban duba taswira ba, ashe na biyun yana wani gari a bayan birni, na ukun kuma a tsakiyar gari tsakanin kogunan Rhône da Saône, sai na wuni ina tsere a tashoshi. Fim uku a rana, biyu daga cikinsu a unguwa ɗaya, shi ne abin da jiki yake iya ɗauka.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai wanda ba na tafiya ba ne. Bikin yana da babbar lambar yabo da yake bayarwa sau ɗaya a shekara saboda aikin da mutum ya yi tsawon rayuwarsa. Clint Eastwood ne ya fara karɓa a 2009, bayansa aka ba irin su Ken Loach a 2012, da Martin Scorsese a 2015, da Catherine Deneuve a 2016, wadda ita ce mace ta farko, da Wong Kar-wai a 2017, da Jane Campion a 2021, da Isabelle Huppert a 2024. Duk sun cancanta, amma daga 2009 zuwa 2024 babu ɗan Afirka ko ɗaya a jerin, alhali Faransa ta fi kowace ƙasar Turai sanin finafinan Afirka ta Yamma, da yawa daga cikinsu ma a ɗakunan wanke fim na Paris aka ƙarasa su. Ba za a ce babu abin nunawa ba, domin tun 2017 gidauniyar da Scorsese ya kafa ta haɗa hannu da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka da UNESCO don gyara finafinan nahiyar guda 50. Nijar kaɗai ta ba da Moustapha Alassane da Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar lambar farko ta FESPACO, wato bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972.

Mu ma muna da misali a gida na abin da irin wannan aiki yake ceto. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa ya ɓata, sai a 2016 aka gano gwangwanayen zarensa a wani rumbun hukumar fim ta Najeriya a Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin a 2018. Shi ya yi sa'a, domin a zare aka yi shi. Finafinan Hausa na shekarun 1990 a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su, kaset kuwa ya fi zare saurin mutuwa, musamman a zafi da ƙura irin namu. Wanda wannan ya dame shi yana da dalili na biyu na zuwa Liyon, domin tun 2013 ana gudanar da kasuwar tsofaffin finafinai a gefen bikin, inda masu rumbunan ajiya da ɗakunan gyara da masu rarraba fim suke haɗuwa su yi ciniki, kuma a nan ne ake sanin wa yake da kuɗin gyara da kuma irin fim ɗin da yake nema.

Game da zama a garin, jirgin ƙasa mai sauri yana kawo mutum daga Paris cikin awa biyu, kuma masauki kusa da layin D ya fi dacewa. Gidajen abincin gargajiya na Liyon sun shahara, amma naman alade ya yi yawa a girkinsu, don haka Musulmi zai fi samun natsuwa a unguwar Guillotière, wadda take kan wannan layin kuma take cike da shagunan halal. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1994, yana gunduma ɗaya da cibiyar bikin. A riƙe rigar sanyi da laima, domin layin shiga zaure a waje ake yinsa.

A ƙarshen mako na biyu akan rufe titin fim na farko, a kafa kyamara a inda Louis Lumière ya kafa tasa, wanda ya karɓi lambar yabo ta shekarar ya tsaya a bayanta, baƙin bikin kuma su taru a cikin rumfar su fito kamar ma'aikatan da aka tashi daga aiki, wani a ƙafa, wani a kan keke. Quentin Tarantino ya ba da wannan umarni a 2013, Scorsese ya bayar a 2015. Ba a sayar da tikitin wannan, sai dai mutum ya zo da wuri ya sami wurin tsayawa a bakin shinge, kuma ɗaukar kanta ba ta wuce minti ɗaya, ko da yake daraktan yakan sa a koma ciki a sake fitowa sau biyu ko uku.